Ranar da Yaya Ta Dafa Kafaɗata

Likitan da ya duba mahaifiyata a Riyad ɗan Sudan ne, dogo, mai magana a hankali. Ya ce zuciyarta ta gaji, amma ba ta gama aiki ba. Ya rubuta magunguna, ya ba da wata 'yar ƙwaya da za ta sa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, sannan ya ce abin da ya fi duk wannan shi ne ta riƙa taka ƙasa. Tafiya kaɗan, a wuri mai iska, ba hawa ba gangara. Kuma kada a bar ta ita kaɗai, wani ya kasance kusa wanda za ta dafa idan ta gaji. Da ya faɗi haka sai ya dube ni, tunda ni ce 'yarta. Na gyaɗa kai kawai. Ban san ta inda zan fara yi masa bayanin cewa ni ce 'yar fari ba.

A garinmu, can ƙasar Haɗeja, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta cin abinci a gabansa. Wasu matan sama-sama suke yi, da yaro ya girma sai su sassauta. Tawa kuwa ta riƙe abin da hannu biyu. Ana yaye ni Gwaggo, yayar babana, ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi har aka kai ni nawa ɗakin. Ƙannena Inna suke ce wa mahaifiyarmu, suna hawa cinyarta, suna tsoma hannu a kwanonta. Ni Yaya aka koya mini in ce mata, kamar wata babbar 'yar'uwa, kuma haka nake ce mata har yau da ba ta da rai. Ita kuma idan ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "ta Gwaggo" ko "yarinyar nan".

Da ciwo ya ci ƙarfinta sai ya zama duk cikin 'ya'yanta ni ce ke zaune kusa da asibitin kirki. Maigidana ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, ba daga cikin manya ba, irin masu yawo da fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shi ya yi ta kai-komo har ya samo mata bizar ziyara, cikin sanyin wata shekara a tsakiyar shekarun casa'in. Ta haka Yaya ta sauka a gidan mutum biyun da ta fi jin kunya a duniya, 'yar fari da suruki.

Gidanmu a unguwar Suwaidi yake, hawa na biyu, ɗaki uku da falo. Babu tsakar gida, babu inuwar bishiya, tagogin ma gilashinsu irin mai hazo ne, haske ya shigo amma ba ka ganin komai. Matar da ta saba wuni a waje tana sheƙe gero tana amsa gaisuwar masu wucewa, sai ga ta a kan darduma tana kallon bango. Idan na kawo abinci sai in ajiye in fita, in ja ƙofa. Idan na dawo da wuri na tarar tana tauna, sai ta rufe kwano ta ce ta ƙoshi. Maigidana kuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon gabas.

Mutum ɗaya ce ta sake da ita, 'yata, wadda a lokacin ta shiga aji ɗaya. A Riyad na haife ta, Larabci a makaranta, Larabci da 'ya'yan maƙwabta, Hausarta tsinci-tsinci. Yaya ta mai da ita 'yar aike. Ina tsaye a cikin ɗakin za ta dubi yarinya ta ce, "Ki gaya wa uwarki a rage sanyin na'urar nan." Yarinya ta yi zuru, ta juyo ta tambaye ni da Larabci me kaka ta ce. Ni da aka aiko wa saƙon, ni zan fassara wa 'yar aiken, sannan in je in rage sanyin. Da farko abin dariya yake ba ni, daga baya ya koma ba ni haushi, don ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu ya san wannan.

Maganar tafiyar da likita ya ce, mun gwada ko'ina. Layinmu motoci ne a jere har bakin ƙofofi, ta taka kaɗan wani yaro ya zo da mota ya kusa kwashe mata abaya. Muka kai ta wani babban kanti a Ulaya mai santsin daɓe, ta ga matattakala na tafiya da kanta, ta ja ta tsaya, ta ce wa jikarta a mai da ita gida. Muka hau da ita saman soro, hawan kaɗai ya sa ta kwana tana haki. Ƙafafunta suka ci gaba da kumbura. Ina ji ina gani tana narkewa a ɗakina, ga magani ga abinci, ba abin da zan iya.

Wani direba mutumin Maraɗi, mai jan motar kaya a wajen Sulay, shi ya ba maigidana labarin wurin bayan sallar Juma'a. Ya ce idan aka yi kudu da gari, wajen Ha'ir, akwai kwari tsakanin duwatsu da ruwa ke gudu rani da damina, da bishiyoyi da tafkuna a jere, har kifi suke kamawa. Ya ce hanyar ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya, tsohuwa ma za ta iya, daga inda ake ajiye mota zuwa tafkin ƙarshe bai kai daga gida zuwa masallacin unguwa ba. Ban yarda ba. Na shekara da shekaru a garin nan ban taɓa ganin ruwa kwance a ƙasa ba sai idan famfo ya fashe.

Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar hutu a lokacin, muka tashi bayan azahar. Yaya na baya ta ja mayafi har hanci, don kada idonta ya haɗu da na surukinta a madubi. Muka bar gine-gine, muka shiga fili fetal, duwatsu jajaye-jajaye ba ko ɗan tsiro. Ina shirin ce wa maigidana mutumin Maraɗin nan ya yi mana shigo-shigo, sai hanya ta gangara, kore ya bayyana a ƙasa.

Gaskiya ya faɗa. Bagaruwa ce da dabino da wasu bishiyoyi masu siririn ganye, sun yi rumfa a kan wata 'yar hanya. Gefen hagu ruwa, gefen dama dutse ya miƙe kamar katanga. Ruwan yana da ɗan wari, don daga baya na ji cewa wanda gari ya yi amfani da shi ne ake tacewa a sako, amma ga ciyawar kacala ta cika bakinsa, ga balbelu, ga kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka. Yaya ta fito daga mota ta tsaya. Ta sauke mayafin daga hancinta ta shaƙi iska, sai na ji ta ce wa jikarta, "Ke 'yar Larabawa, zo ki ga fadamar garinku."

Ta shiga gaba, ba wanda ya ce mata ta shiga. Tana tafe tana nuna wa yarinya abubuwa, wannan bagaruwa ce ta jimar fata, wancan zalɓe ne, ga tarwaɗa can ta motsa. Yarinya ba ta gane ko rabi ba, amma tana maimaitawa da karyayyen harshe, Yaya na dariya tana ce mata mai gwaranci. Ni ina bayansu kaɗan da jaka. Maigidana ya ja baya can nesa yana duban duwatsu, don ya san muddin yana kusa ba za ta saki jiki ba. Muka wuce tafkin farko, muka wuce na biyu. Raina ya yi fari ƙal. Tun zuwanta ban ji dariyarta haka ba.

A bakin tafki na biyun ne yarinya ta bi wani kwaɗo, ƙafarta ta nutse a laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi. Ta fasa kuka. Ubanta ya ƙaraso ya ɗauke ta, ya ce mini a hankali zai kai ta mota ya wanke ta, mu mu juyo in mun gama. Na ce wa Yaya mu koma haka nan, an taka da yawa. Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce wa iska, "An ce akwai wani a gaba," ta ci gaba da tafiya. Ba yadda na iya, na bi ta.

Tafkin ƙarshe ya fi sauran girma, dutse ya kewaye shi ta gefe uku, nan hanya ta ƙare. Muna isa na ga tafiyarta ta sauya. Ta laluba wani faffaɗan dutse ta zauna, ta sa hannu a ƙirji. Numfashinta ya koma gajere, leɓenta ya yi toka, gumi ya keto mata a cikin wannan sanyi. Na zazzage jaka na ciro ƙwayar, na miƙa mata. Ta dubi ruwa. Na tuna ba ta sa komai a baki a gabana, na ajiye ƙwayar a kan gefen mayafinta, na juya mata baya kamar yadda nake yi a gida. Ina tsaye ina kallon dutse, ina sauraron numfashin uwata a bayana, ban san ko ta sa ƙwayar ko ta faɗi ƙasa ba.

Can numfashin ya ɗan daidaita. Na juyo. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu suka ƙi, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, haka dai. Na matsa na miƙa mata hannu.

"Yaya, kama mu tafi."

Ta gyara mayafi ta ce, "Mutane da gaggawa. A bari in huta."

Na bari. Amma rana a cikin kwari ba ta jiran magariba, tana faɗawa bayan dutse inuwa ta rufe mu, sanyi ya fara tasowa daga ruwa. A lokacin babu wayar hannu. Na ƙwala wa maigidana kira, dutse ya dawo mini da muryata. Na san ba zai biyo mu da wuri ba, don a ganinsa alheri yake yi da ya ba mu wuri. In ruga in kira shi, likita ya ce kada a bar ta ita kaɗai, kuma ko ya zo, ta gwammace ta kwana a nan da suruki ya taɓa ta. Can tsallaken ruwa akwai wasu maza biyu suna kamun kifi, ga alama ma'aikata ne 'yan Indiya. Na dube su na dubi Yaya, na san wannan ma ba magana ba ce.

Na shiga cikin bishiyoyi neman sanda. Duk abin da na samu ƙaya ne ko ruɓaɓɓe. Na jawo wata busasshiyar zarɓar dabino, na karkaɓe na ajiye kusa da ita. Ta ɗauka ta dogara, ta taso rabi, zarɓar ta karye, ta koma kan dutsen da ƙarfi har na ji ta yi nishi. Nan haƙurina ya ƙare.

"Yaya, don girman Allah. Nan ba Haɗeja ba ce. Babu Gwaggo, babu matan gida, babu wanda ya san mu a ƙasar nan. Ni da ke ne sai kwaɗi. Wa zai gani?"

Ta ture guntun zarɓar gefe. Sannan ta ce, idonta a kan ruwa, "Ni zan gani."

"To ki gani mana. Me na yi? Ni na ce a fara haifata? Da autarki ce a nan da tuni kuna mota. Sai ki mutu a jejin Larabawa a ce ina tsaye ina kallo?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ji kuka ya zo mini, irin na takaici, wanda ba ya rage komai. Ga ni da ƙarfina, ga mota ba nisa, ga hanya shimfiɗaɗɗiya wadda yarinya 'yar aji ɗaya ta bi da gudu, amma na kasa matsar da uwata taki ɗaya. Da na rasa abin yi sai na tsuguna a gabanta, na ba ta baya, na sunkuyar da kai. Ba dabara ba ce, ƙafafuna ne suka gaji, kuma ba na so ta ga fuskata.

Mun jima a haka. Masu kamun kifi suka naɗe kayansu suka tafi. Sai na ji ta fara magana a bayana, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba ruwan labari.

"Ranar da aka zo aka ɗauki yarinyar nan, cewa na yi zan je wanki. Na ɗauki ƙwarya na tafi bakin kogi. Sai da na isa na ga ban ɗauko ko ɗankwali ba. Na zauna a kan dutse kamar wannan, nono na zuba, har aka aiko nemana."

Ban motsa ba. Na ji tsoron in na juyo za ta haɗiye sauran. Amma babu saura, iyakarta ke nan. Sai na ji nauyi a kafaɗata ta dama. Hannunta ne, da sanyi, yatsun sun kama ƙashi sosai.

"A tashi a hankali," in ji ta.

Na tashi a hankali, ta taso tare da ni. Muka juya muka kama hanya, ina gaba da rabin taki, tana dafe da ni. Ban kalle ta ba, ba ta kalle ni ba. Mu taka kaɗan mu tsaya, ta yi numfashi, mu ci gaba. Ina jin ƙanshin man kaɗanyar da take shafawa, wanda na sani a jikin ƙannena tun muna yara. A daidai tafki na biyu, inda takalmin yarinya ya nutse, ta ɗan matsa kafaɗar ta ce, "Ashe an yi tsawo." Ina da shekara talatin da wani abu a lokacin, da 'ya. Na ce, "An yi, Yaya." Muka ci gaba da tafiya.

Ban so hanyar ta ƙare ba, kuma ina tsoron kada ta ƙi ƙarewa, don nauyinta sai ƙaruwa yake a kaina. Muna zagayo wata bagaruwa sai ga mota can, ga maigidana ya taho da sauri da yarinya a kafaɗa, hankalinsa a tashe. Kafin ya gama ɗago kai hannun ya bar kafaɗata. Yaya ta ja mayafi har hanci, ta miƙe, ta taka sauran da ƙafarta. Sau biyu tana tangaɗi. Ina biye da ita hannuwana a buɗe a bayanta, ban taɓa ta ba, har ta kama murfin mota.

Ba mu sake komawa wurin ba. Da likita ya ji abin da ya faru ya yi mana faɗa, ya ce ya ce tafiya kaɗan, bai ce a kai ta jeji ba, ya sauya magani. A gida komai ya koma yadda yake. Ina ajiye kwano in ja ƙofa, tana aiken jikarta, ina fassarawa. Wani lokaci in tsaya a bakin ƙofar ina jira ko za ta ce wani abu, sai in ji tana jan carbi. Da bizarta ta kusa ƙarewa ta ce a mai da ita gida, ta gaji da kallon bango. Na roƙe ta ta bari a sabunta, ta hanyar yarinya da kuma kai tsaye, duk ba ta ji ba.

A filin jirgi an ba ta keken marasa lafiya, wata mata 'yar Kano da za su tafi tare ta karɓi jakarta. Maigidana ya durƙusa daga nesa ya yi mata sallama, ta sa masa albarka tana kallon ƙasa. Ni na tsaya a gefe da abayata, ban san inda zan sa hannuwana ba. Na san da wuya in sake ganinta, kuma ban sake ba. Ta jawo jikarta ta rungume, ta shafa kanta, ta tsokane ta da 'yar Larabawa. Har ma'aikaci ya kama keken zai tura, sai ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Ki gaya wa uwarki ta riƙa cin abinci. Kafaɗarta duk ƙashi."

Aka tura ta aka shige da ita. Yarinya ta juyo ta ja mini abaya, tana tambayata da Larabci me kaka ta ce. Ta tambaya a wurin, ta sake tambaya a mota, har muka iso Suwaidi ban iya fassara mata ba.